Tafintan da Aka Nema wa Tafinta

Sana'ar Azariya gyaran keken ɗinki ce, yana da ɗan shagonsa a bakin kasuwar Kafanchan, amma in ka shiga garin kana neman Azariya mai gyaran keke sai ka sha yawo. Ce musu Azariya Tafinta, nan take a nuna maka ƙofar gidansa. Shekara da shekaru, duk baƙon mai wa'azin da ya zo majami'arsu da Turanci, Azariya ne ke tsayawa gefensa yana juya wa jama'a maganar zuwa Hausa. Ba wanda ya naɗa shi. Wata Lahadi ce tun yana saurayi, tafintan da aka saba da shi bai zo ba, ya miƙe ya ce zai gwada, shi ke nan wuri ya zama nasa.

Fassarar tasa kuwa sai wanda ya ji. Mai wa'azi zai faɗi magana 'yar guntuwa, Azariya ya ja ta ya shimfiɗa, ya sa mata gishiri da yaji, ya kawo misali da gonar citta ko akuyar maƙwabci. Wani lokaci baƙo ya faɗi abin da ba na dariya ba, sai ya ga majami'a ta kece da dariya, ya tsaya yana mamakin yaushe ya iya barkwanci haka. 'Yan zumuntar mata sukan ce a tsakaninsu fassarar ta fi wa'azin shiga jiki. Ya san suna faɗa, kuma bai taɓa musa musu ba. Turanci da Hausa da yaren Bajju na gidan ubansa a Zonkwa duk suna bakinsa, har da ɗan yaren Ibo na ciniki da ya tsinta wajen masu sayar masa da kayan keke.

Matarsa Miriyam 'yar Kagoma ce, doya take sayarwa. Ita ba ta jin yarensa, shi ba ya jin nata, don haka da Hausa ya neme ta, da Hausa aka ɗaura musu aure, da Hausa suka yi duk faɗan da suka yi cikin shekara talatin da wani abu, da ita kuma suka shirya. 'Yarsu ɗaya, Ƙauna, wadda ke aure a Kachia, ita ma da Hausa ta tashi. Miriyam ba mai yawan magana ba ce, ko da ma tana da ita ba ta ga inda za ta sa ba, tun da mijinta ba ya barin fili. Daga ya dawo shago zai fara ba ta labarin wanda ya kawo keke da abin da ke damun keken da abin da ke damun mai keken, har ta gama tuwo bai kai ƙarshe ba. Takan ce masa ya bar bakin nan ya huta mana. Amma tana son surutun, ko da yake ko yanka ta za a yi ba za ta faɗa ba.

Cikin damina abin ya faru. Ya je jana'izar wani dattijo a Zonkwa, inda ba sai an faɗa ba shi ya yi tafinta, ya hau acaɓa zai dawo. Suna gab da shiga gari wani alade ya ratso titi, ɗan acaɓar ya kauce, ƙasa ga santsi, suka zube. Yaron kurjewa kawai ya yi. Azariya kuwa gefen kansa na hagu ya bugi dutse. Hular kwano, wa ke saka ta? Aka kwashe shi zuwa wani babban asibiti a Jos, aka yi masa aiki aka cire jinin da ya taru a cikin kan, ya yi kwanaki bai san inda yake ba. Miriyam na zaune gefen gado tana shafa masa ƙafa, tana roƙon Allah ya ba ta shi ko a yaya ne.

Allah ya ba ta shi. Ya buɗe ido, ya dube ta, ta ga alamar ya gane ta, ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Hannunsa da ƙafarsa na dama sun yi nauyi. Likitoci suka ce maganar sai a hankali, a riƙa dawo da shi ana dubawa, amma Jos ba nan kusa ba ce ga mai jinyar da sai an ɗauke shi an sa a mota. Suka koma gida. Bayan 'yan makonni murya ta fara dawowa, Miriyam ta durƙusa ta yi godiya, sannan ta saurara da kyau. Abin da ke fita bakin mijinta ba Hausa ba ne, ba Turanci ba, kuma danginsa da suka zo gaisuwa suka ce ba nasu ba ne. Wasu guntayen kalmomi ne yake fitarwa da ƙyar, ya tsaya ya zuba mata ido yana jira. In ya ga ba ta gane ba sai ya bugi hannun kujera da hannunsa na hagu, hawaye na zuba. Ita kuma sai ta kawo ruwa, ta kawo kunu, ta gyara masa matashi, tana ta canki-canki har ta dace ko ya gaji ya yi shiru.

Mutanen unguwa ba sa barin abu ba suna. Wasu suka ce dutsen ya taɓa masa hankali, ga shi nan yana dukan kujera. Wasu suka ce iska ce ta shige shi a wurin da ya faɗi, dama wannan kwanar ba a banza take cin mutane ba. Ƙanensa Samson, wanda suke uba ɗaya, shi ya zo da fassara ta uku, kuma ita ta fi karɓuwa don ta fi daɗin ji. Samson ya bar majami'ar iyayensu ya koma wani gidan addu'a da ke bayan gari, inda ake magana da baƙin harsuna da suke cewa Ruhu ne ke saukarwa. Da ya ji wansa sai ya ɗaga hannu sama ya ce wannan ai baiwa ce, mutumin da ya yi wa Ubangiji tafinta duk rayuwarsa, yanzu an ba shi harshen sama. Kada a ga laifin Samson da yawa. Yana son wansa, kuma ya fi masa sauƙi ya ce Ruhu ne ke magana da ya yarda cewa Azariya ya tafi ya bar gangar jiki.

Sai dai harshen sama yana bukatar mai fassara, don haka Samson ya kawo shugaban gidan addu'ar, wanda suke kira annabi. Mutumin ya zo da farar riga da kwalbar man zaitun, aka cika falo da waƙa da tafi. Da aka lafa ya zagaya ɗakin yana cewa akwai hannu a cikin wannan hatsari, kuma hannun ba daga nesa yake ba, yana cin tuwo a gidan nan. Yana faɗin haka Azariya ya yunƙura a kujera, ya miƙa hannun hagu ya nuna Miriyam, ya faɗi wata magana da ƙarfi. Ya sake faɗa, yana nuna ta. Annabin ya rufe ido ya gyaɗa kai, ya ce ai kun ji da kunnenku.

Daga ranar duk lokacin da aka ta da zancen a gabansa, sai Azariya ya nuna ta ya maimaita wannan magana, sak yadda ya faɗe ta da farko. Kowane maimaici kuma shaida ce aka ƙara a kanta. Ba wanda ya kira ta mayya a fuska, mutanen kirki ne ai, amma matan da suka saba sayen doyarta suka fara wucewa teburin gaba. A zumuntar mata benci ya riƙa yin faɗi a gefenta. Ƙauna ta zo daga Kachia ta yi kuka ta yi faɗa, amma ga goyo ga miji, ta koma. Daga ƙarshe Samson ya sami Miriyam a tsakar gida tana wanke zanen gadon mai jinya, ya gaya mata abin da dangi suka yanke: in an gama haƙar citta za su kai Azariya gidan addu'a ya zauna can, ita kuma ta je Kagoma ta huta tukuna.

“Matanmu, ba mu ne muka ce kai ne ba,” in ji shi da irin Hausarsu ta can, idonsa a ƙasa. “Shi da kansa ne yana nunawa.”

Miriyam ta san gidan addu'ar. Ta taɓa leƙawa ta ga waɗanda aka ce suna da iska zaune ƙarƙashin mangwaro, wasu da sarƙa a ƙafa. Ta san kuma irin hutun da ake cewa mace ta je ta yi a gidan iyayenta, ba a dawowa daga shi. Duk wannan bai kai mata ciwon abu ɗaya ba: ita kanta ba ta san abin da yake faɗa ba. Ta san ba ta yi masa komai ba, amma wa ya san abin da dutse ya juya a cikin kansa? Wataƙila da gaske yana ganin ita ce. Tana yi masa wanka tana tsoron haɗa ido da shi. Ta rame har zane ya riƙa zagaye ta ya yi saura.

Ana cikin haka Joanna ta zo. Wata ma'aikaciyar asibitin garin ce ta kwatanta mata gidan. Matashiya ce 'yar Kachia, ta ce ita ba likitar allura ba ce, aikinta binciken yadda ƙwaƙwalwa ke aiki bayan an bugu a kai, kuma ita da abokan aikinta na jami'a suna bin waɗanda suka yi hatsarin mashin gida-gida, don su fahimci abin da kan lalace da abin da kan rage. Ta nemi izini wurin Miriyam, sannan, abin da ya ba Miriyam mamaki, ta durƙusa gaban kujera ta nemi izinin Azariya shi ma. An daɗe rabon da wani ya tambaye shi wani abu yana jiran amsa. Ya dube ta, ya gyaɗa kai.

Kayan aikinta ba su da wani kwarjini. Ta jera cokali da mataji da makulli da almakashi a kan tebur, ta ce masa da Hausa ya ba ta makulli. Ya ba ta. Ta ce ya sa cokali a ƙarƙashin almakashi. Ya yi jim, ya sa. Ta zana masa wasu siffofi ya kwaikwaya da hannun hagu, suka fito a karkace amma su ne. Ta ɓoye abu ta ja shi da wani zance, daga baya ta tambaye shi inda yake, ya nuna. Da ta ɗaga makulli ta ce ya faɗi sunansa, nan ne aka tsaya: leɓe na motsi, gumi ya keto masa, sai wata kalma ta daban ta faɗo. Joanna ba ta gyara masa ba. Ta ajiye, ta ɗauki wasu abubuwan, can ta sake ɗaga makullin, kalmar nan dai ta sake fitowa. Da yardarsu ta ɗauki muryarsa a waya, ta dawo kashegari ta sake gwadawa, makulli bai canza suna ba.

Miriyam ta raka ta bakin ƙofa, ta riƙe mata hannu. “Anti, ka faɗa mini gaskiya. Ya haukace ne?”

Joanna ta ce a'a. Ta ce taɓin hankali ciwo ne na gaske, inda mutum kan ji muryoyin da babu su ko ya gaskata abin da ba haka ba, tana ganin masu shi kullum, kuma su ma magani suke bukata da lallashi, ba sarƙa ba. Amma na Baba daban ne. A gefen hagu na kai akwai wurin da ke haɗa magana kafin ta fito, nan dutsen ya samu. Yana jin yawancin abin da ake faɗa, yana tunawa, yana lissafi, hanyar fita ce ta toshe. Dukan kujera kuwa, ta ce, Mama ke ma a rufe miki baki wata da watanni ki ga ko ba za ki bugi abin da ya fi kujera ba. Sannan ta ce abin da yake faɗa bai yi mata kama da shirme ba, tun da abu ɗaya suna ɗaya yake ba shi. Ya fi kama da yare. A wurin masu yare da yawa akan samu, ko da yake ba kasafai ba, wanda aka fi amfani da shi ya toshe, wani tsoho da aka daɗe da ajiyewa ya samu hanya. Masu bincike ma ba su gama gane dalili ba, shi ya sa take yawon nan. Sai ta tambaya, “Mama, wane yare Baba ya fara ji a duniya?”

Miriyam ta ce na Bajju mana. Joanna ta ce tana jin Bajju, wannan ba shi ba ne, Mama ta sake tunani. Miriyam ta tafi da tambayar a ranta har ɗakin girki, tana fere doya, sai wuƙa ta tsaya a hannunta. Uwar Azariya ba Bajju ba ce. Ya taɓa gaya mata tun farkon aurensu, sau ɗaya tak, shi da ba ya faɗin abu sau ɗaya: uwarsa Ninzam ce daga wajen Gwantu, ta rasu yana jariri, kakarsa ta wajen uwa ta ɗauke shi ta raine shi har ya isa shiga makaranta, sannan ubansa ya je ya ɗauko shi. Da ya zo Zonkwa yara suka riƙa kwaikwayon bakinsa suna dariya, ya yi fushi ya daina, har ya ce ya manta da shi ƙaf. Samson ɗan matar da aka auro daga baya ne, ba a haife shi ba lokacin. Tsofaffin da suka san zancen duk sun kwanta dama.

Ta san wadda za ta nema. Mero mai manja, teburinta na kallon nata a kasuwa tun suna amare. Uban Mero Bahaushe ne ɗan asalin kasuwar, uwarta kuwa daga wajen Gwantu aka auro ta, kuma Miriyam ta sha jin Mero na ciniki da matan can da yarensu. Suna gaisawa kullum, suna tsare wa juna kaya, amma tun rigingimun da aka yi a garin unguwanni suka rabu, ba wadda ta ƙara taka gidan wata. Miriyam ta je ta tsuguna gefen garwar manja, ta ce za ta faɗi wata kalma, Mero ta saurara. Ta kwaikwayi abin da Azariya ke ce mata kowace safiya, wanda take amsawa da kawo masa ruwan randa.

Mero ta yi dariya. “Wa ke jin sanyi kuma? Ke a ina kika koyi yaren innata?”

Miriyam ta dafe ƙirji. Duk daminar nan mutumin na ce mata sanyi yake ji, ita tana ɗura masa ruwan sanyi. Ta yi dariya ta yi kuka a haɗe, har Mero ta tsorata. Ɗaya maganar kuwa, wadda yake faɗa yana nuna ta, tana bakinta, ta haddace ta fiye da sunanta, amma ta kasa furtawa. Ta ji tsoron abin da za ta ji a tsakiyar kasuwa. Ta kwashe labari duka ta gaya wa Mero, ta roƙe ta ta zo gida. Mero ta dubi hanyar unguwar da ta daɗe ba ta bi ba, sannan ta ce gobe in ta yi azahar tana tafe.

Miriyam da kanta ta aika a kira Samson. Joanna ta so a fara ji tukuna ba da shi ba, Miriyam ta ƙi. Ta ce in mijinta ya ce ita ce, a gaban ƙanensa za a faɗa, kuma ba sai an kore ta ba, da ƙafarta za ta tafi. In kuma ba haka ba ne, kada gobe a ce ita da ƙawarta suka shirya.

Mero ta zo da mayafinta da 'yar kwalbar manja ta gaisuwar mai jinya. Ta yi sallama, ta zauna a kan tabarma, ta gaishe shi da yaren. Abin da ya faru a fuskar Azariya, Miriyam ta ce ba za ta iya kwatanta shi ba, kuma ni ma ba zan gwada ba. Ya amsa. Amsar guntuwa ce, a kakkarye, Mero ta ce irin maganar yaro ƙarami ce kuma da kalmomin tsofaffi waɗanda ita rabonta da jin su tun kakarta na da rai, amma magana ce. Ta tambaye shi jiki, ya ce hannu. Ta tambaye shi ko ya san wannan, ta nuna Samson, ya ce ƙanensa ne. Samson da ya shigo da Littafi Mai Tsarki a hammata yana shirin musu, ya nemi gefen kujera ya zauna.

Duk da haka bai sauka ba. Ya ce to a tambaye shi mana, wa ya yi masa wannan abu, ba matar nan ba ce yake nunawa kullum? Bai rufe baki ba Azariya ya yunƙura, ya nuna Miriyam, ya faɗi maganar nan tasa da ƙarfi kamar yadda ya saba. Miriyam ta rufe ido ta riƙe bakin ƙofa. Mero ta sa ya sake faɗa don ta tabbata, sannan ta juyo ta dubi Samson, ba Miriyam ba.

“Cewa yake, ‘Ku bar ta. Tawa ce. Ku bar ta.’”

Ashe tun ranar da annabin ya zagaya falon nan, Azariya yana jin duk abin da ake faɗa a kan matarsa. Yana zaune a kujera, hannu ɗaya, ƙafa ɗaya, da yaren da ba mai ji, yana kare ta iya ƙarfinsa, kuma duk sanda ya ɗaga murya sai ya ga an ƙara tsanarta. Wannan tunanin ne ya karya Miriyam, ba nata wahalar ba. Ta zame ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa marar lafiya ta rungume ta. Samson ya sa fuska cikin tafin hannu. Da ya ɗago ya ce, “Matanmu, ka yafe mini,” ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, hankalinta ba ya wurinsa. Maganar gidan addu'a da ta Kagoma dai ba a sake ta da ita ba.

Joanna ba ta yi musu alkawarin abin da ba ta da shi ba. Ta ce Hausar na iya dawowa kaɗan-kaɗan in ana motsa ta, tana iya ƙin dawowa duka, kuma ko yaren kakar ma ba cikakke ba ne a bakinsa. Ta nuna wa Miriyam yadda za ta riƙa yi masa tambaya gajera, ta ba shi lokaci, kada ta ƙarasa masa magana, ta kuma haɗa su da wani mai koyar da magana da kan zo garin lokaci-lokaci. Miriyam na ji tana gyaɗa kai, amma ita ta riga ta yanke nata. Ba za ta zauna jiran Hausa ba. Ta matsa kusa da Mero ta ce ta koya mata yadda ake cewa “na ji, ba inda za ni.”

Mero ta faɗa, Miriyam ta maimaita da bakin Kagoma, ta ɗaga murya inda ake saukewa. Mero ta toshe baki da mayafi. Azariya kuwa ya saki dariya, irin wadda ba a ji a gidan ba tun kafin hatsarin, da rabin baki amma tasa ce. Ya girgiza kai, ya faɗa mata daidai, a hankali, ta sake gwadawa. Da ta samu, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗora hannun hagu a wuyan hannunta inda ƙashi ya fito, ya juya wurin Mero ya yi wata magana mai ɗan tsawo, yana tsayawa yana nema yana ci gaba.

Miriyam ta ce me ya ce. Mero ta share ido da gefen mayafi.

“Ya ce kullum kina ba shi abinci, bai ga kina ci ba. Wai a kawo kwano ɗaya, yana so ya gani.”

Miriyam ta tashi ta shiga ɗakin girki. Akwai sauran faten doya a tukunya, ta ɗumama, ta zubo a kwano ɗaya da cokali biyu, ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna gabansa. Bai taɓa nasa cokalin ba sai da ya ga ta haɗiye.